Ɗaukaka ƙara kan izinin gini a Ingila: yawan ƙararraki, sakamakonsu da tsawon lokacin da suke ɗauka

A Ingila, mallakar fili ba ta bai wa mutum damar ya gina abin da ya ga dama a kai ba. Tilas ne ya nemi izini daga ƙaramar hukumar da filin yake cikinta, in dai aikin ba ya cikin ƙananan ayyukan da doka ta sahale tun farko.

Idan ƙaramar hukumar ta hana shi, ko ta gindaya masa sharuɗɗan da bai gamsu da su ba, ko kuma ta yi shiru har wa'adin da doka ta ba ta ya cika, to yana da ikon ɗaukaka ƙara.

A kowace shekara dubban mutane da kamfanoni ne suke bin wannan hanya, kama daga magidancin da ke son ƙara ɗaki a bayan gidansa, zuwa kamfanin da ke son gina rukunin gidaje ɗari biyar a gefen wani ƙauye.

Alƙaluman da aka tara cikin shekaru da dama sun nuna abubuwa uku. Yawan ƙararrakin yana hawa yana sauka ne tare da tattalin arziki. Kason waɗanda suke yin nasara bai cika yin nisa da kashi ɗaya cikin uku ba. Shi kuwa lokacin da ake ɗauka kafin yanke hukunci, shi ne matsalar da ta fi ci wa gwamnatocin Birtaniya tuwo a ƙwarya.

Asalin tsarin

Tsarin da ake bi a yau ya samo tushe ne daga dokar tsara birane da karkara ta 1947, wadda gwamnatin jam'iyyar Labour ƙarƙashin Clement Attlee ta kafa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Dokar ta fara aiki ne a watan Yulin 1948.

Da yake dokar ta karɓe ikon yin gini daga hannun masu filaye ta damƙa shi ga hukuma, sai aka ba su damar kai kuka gaban minista idan suna ganin an tauye su. Abin da ya sa ke nan har yau mai neman izini ne kaɗai yake iya ɗaukaka ƙara.

Maƙwabcin da bai ji daɗin izinin da aka bai wa wani ba, ba shi da wannan dama a Ingila. Abin da ya rage masa shi ne ya garzaya kotu, idan yana ganin an saɓa wa doka. A Jamhuriyar Ireland kuwa ba haka abin yake ba, domin a can wanda ya nuna adawa da aikin tun farko yana iya ɗaukaka ƙara shi ma.

Da farko minista ne yake yanke hukunci a kan kowace ƙara, aikin sufeto shi ne ya saurari bahasi ya miƙa rahoto. Wata doka ta 1968 ce ta buɗe ƙofar miƙa wa sufetoci ikon yanke hukunci da kansu, kuma a yanzu su ne suke zartar da kusan dukkan ƙararrakin.

Sufetocin suna aiki ne a ƙarƙashin hukumar da a Turance ake kira Planning Inspectorate, wadda ta zama hukuma mai gudanar da harkokinta a 1992, kuma hedkwatarta tana birnin Bristol. Har zuwa 2021 tana kula da yankin Wales ma, kafin yankin ya kafa nasa sashen a watan Oktoban wannan shekara. Scotland da Ireland ta Arewa suna da nasu hukumomin tun tuni.

Hanyoyi uku na sauraron ƙara

Doka ta bai wa ƙaramar hukuma makonni 8 ta yanke shawara kan ƙananan ayyuka, makonni 13 kan manya, sannan makonni 16 idan aikin yana buƙatar nazarin tasirinsa ga muhalli.

Wanda aka hana izini yana da watanni 6 ya ɗaukaka ƙara. Idan kuwa aikin na gyara ko faɗaɗa gidan zama ne, makonni 12 kawai aka ba shi. Ba a biyan kuɗin shigar da irin wannan ƙara, amma kowane ɓangare shi ke ɗaukar nauyin lauyoyinsa da ƙwararrunsa, sai fa idan sufeto ya ga wani ɓangare ya yi abin da bai dace ba, ya umarce shi da ya biya ɗayan.

Hanya ta farko ita ce ta rubuce-rubuce. Kowane ɓangare zai aika da hujjojinsa a rubuce, sufeto ya karanta, ya ziyarci filin, sannan ya yanke hukunci. Kimanin ƙararraki tara cikin goma ta wannan hanya ake warware su.

Hanya ta biyu ita ce zaman tattaunawa, inda sufeto yake tara ɓangarorin a zaure ɗaya, yawanci na yini guda, shi ne kuma yake jagorantar tambayoyi.

Ta uku ita ce binciken bainar jama'a, wanda ya fi kama da zaman kotu. Lauyoyi suna gabatar da shaidu, ana yi musu tambayoyin ƙwaƙwaf, kuma zaman yana iya kai wa kwanaki ko makonni. 'Yan ɗaruruwa ne kawai ake yi a shekara, amma a nan ne ake yanke hukunci kan manyan ayyukan da suka ƙunshi dubban gidaje.

Akwai kuma wani rukunin ƙararraki na daban, na waɗanda hukuma ta zarga da yin gini ba tare da izini ba, ta kuma ba su takardar umarnin rushewa ko dakatarwa. Su ma suna da ikon ƙalubalantar umarnin a gaban sufeto.

Yawan ƙararraki

Yawan ƙararraki ya kai ƙololuwa ne a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da aka shigar da fiye da 30,000 a shekara guda. A wancan zamani farashin gidaje yana ta hauhawa, gwamnatin Margaret Thatcher kuma tana matsa wa ƙananan hukumomi lamba da su daina kawo wa masu zuba jari cikas.

Wata takardar manufa da gwamnatin ta fitar a 1985 ta jaddada cewa kamata ya yi a ba da izini, sai dai idan akwai ƙwaƙƙwaran dalilin hanawa. Kamfanonin gini sun fahimci cewa abin da suka rasa a zauren kansiloli za su iya samun sa a hannun sufeto, don haka suka yi ta kai ƙara.

Da kasuwar gidaje ta durƙushe a farkon shekarun 1990, sai adadin ya faɗi zuwa ƙasa da rabin wancan. A daidai lokacin ne kuma wata doka ta 1991 ta tanadi cewa a riƙa yanke hukunci bisa taswirar ci gaban da ƙaramar hukuma ta tsara, matuƙar babu wani dalili mai nauyi da ya nuna akasin haka.

Adadin ya sake haurawa sama da 20,000 a tsakiyar shekarun 2000. Wani ɓangare na ƙarin ya biyo bayan wani mataki ne da gwamnati ta ɗauka a 2003, na rage wa'adin ɗaukaka ƙara daga watanni 6 zuwa 3.

Manufar ita ce a hanzarta aiki, amma sai aka samu akasin haka. Masu neman izini waɗanda a da sukan tsaya su sasanta da ƙaramar hukuma, sai suka koma shigar da ƙara nan take don kada wa'adi ya wuce su. Ƙararraki suka yi wa sufetoci katutu, ala tilas gwamnati ta maido da watanni 6 a farkon 2005.

Rikicin kuɗi na duniya na 2008 ya sake rage yawan ƙararrakin. A 'yan shekarun nan, jimillar hukunce-hukuncen da hukumar take yankewa a shekara, idan aka haɗa dukkan nau'o'in ƙararraki, ba ta kai 20,000 ba.

Wannan raguwa tana da nasaba da raguwar neman izinin kansa. A tsakiyar shekarun 2000 ƙananan hukumomin Ingila suna karɓar takardun neman izini fiye da 600,000 a shekara, amma a 2024 ba su kai 350,000 ba.

Baya ga tsadar bashi da ta kayan gini, gwamnatoci sun kuma faɗaɗa jerin ayyukan da ba sa buƙatar cikakken izini. Misali, tun daga 2013 aka sauƙaƙa mayar da ofisoshi gidajen zama.

Ya kamata a lura cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na masu neman izini suna samu ne tun a matakin ƙaramar hukuma. Daga cikin waɗanda aka hana ma, da yawa sukan gyara tsarinsu ne su sake nema, maimakon su kai ƙara.

Su wa ke yin nasara?

Shekaru da dama, kusan ƙara ɗaya cikin kowace uku ce take yin nasara, ko wace jam'iyya ce ke mulki. An ɗan zarce haka a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da kason ya kai kimanin kashi 40 cikin 100. A wajajen 2020 kuma ya sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kafin ya sake ɗagawa.

Sai dai wannan adadi na bai-ɗaya yana ɓoye bambanci mai girma. Ƙararrakin da ake warwarewa ta rubuce-rubuce su ne suka fi ƙarancin nasara. Waɗanda aka kai gaban binciken bainar jama'a kuwa, sau da yawa kusan rabinsu ko fiye ne suke yin nasara.

Ana danganta wannan da dalilai biyu. Na farko, kamfanin da zai kashe maƙudan kuɗi a kan lauyoyi da ƙwararru ba ya shiga sai ya auna ya ga yana da hujja. Na biyu, manyan ayyuka su ne aka fi kai wa gaban kwamitin kansiloli, inda wani lokaci kansilolin sukan yi watsi da shawarar ƙwararrun ma'aikatansu saboda matsin lambar masu zaɓe. Irin wannan hukunci yana da wuyar karewa a gaban sufeto.

Manufofin gwamnatin tsakiya ma suna da tasiri. A watan Maris na 2012 gwamnatin haɗin gwiwa ta David Cameron ta fitar da sabon kundin manufofin tsara ƙasa, wanda ya wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta nuna tana da filayen da za su wadatar da buƙatar gidaje na shekaru 5 masu zuwa.

Hukumar da ta gaza nuna haka, ana ɗaukar manufofinta na gidaje a matsayin waɗanda suka tsufa, kuma ma'aunin yakan rinjaya wajen mai neman izini. A 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yi ƙarin haske kan yadda za a fassara wannan tanadi, a wata shari'a da ta haɗa ƙaramar hukumar Suffolk Coastal da kamfanin Hopkins Homes.

Masu sukar tsarin, musamman mazauna karkara, suna cewa hakan ya mayar da ɗaukaka ƙara ta zama ita ce hanyar tsara gari, inda sufeton da ba a zaɓa ba yake soke hukuncin wakilan jama'a. Kamfanonin gini kuwa suna cewa laifin na hukumomin da suka kasa sabunta taswirarsu ne, ga kuma ƙarancin gidaje da ke addabar matasa.

Yawan faɗuwa a ɗaukaka ƙara yana da hukuncinsa. Tun daga 2013 gwamnati take da ikon sanya ƙaramar hukuma ƙarƙashin kulawa ta musamman, wanda hakan ke bai wa kamfanoni damar tsallake ta su nemi izini kai tsaye daga sufetoci. Ƙa'idar da aka yi amfani da ita a shekarun baya-bayan nan ita ce idan an soke fiye da kashi 10 cikin 100 na hukunce-hukuncenta kan manyan ayyuka. A kan haka ne aka ɗauki wannan mataki a kan ƙaramar hukumar Uttlesford da ke yankin Essex a 2022.

Idan minista ya karɓi ƙara

Minista yana da ikon ya janye kowace ƙara daga hannun sufeto ya yanke hukunci da kansa, bayan sufeton ya kammala bincike ya ba da shawara. Ƙalilan ne ake yi wa haka, amma su ne suka fi jawo ka-ce-na-ce. A 2001 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta yanke hukunci a shari'ar Alconbury cewa wannan iko bai saɓa wa dokar 'yancin ɗan Adam ba, tun da kotu tana iya duba halaccin hukuncin ministan.

A 2015 hukumar yankin Lancashire ta hana kamfanin Cuadrilla izinin haƙar iskar gas ta hanyar farfasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, kuma a watan Oktoban 2016 minista Sajid Javid ya ba shi izinin aiki a wurin da ake kira Preston New Road. An dakatar da irin wannan haƙa a Ingila a 2019, bayan wata 'yar girgizar ƙasa da aka samu a wurin.

A 2015 ne kuma gwamnati ta yi watsi da ƙarar da aka ɗaukaka kan shirin gina wani babban masallaci a Abbey Mills da ke gabashin Landan, ta goyi bayan ƙaramar hukumar Newham wadda ta hana izinin a 2012.

A watan Janairun 2020 minista Robert Jenrick ya amince da gina gidaje kusan 1,500 a Westferry da ke Landan, duk da cewa sufeto ya ba da shawarar a hana. Hukuncin ya zo ne kwana guda kafin ƙaramar hukumar Tower Hamlets ta amince da ƙarin harajin da zai ci wa mai aikin miliyoyin fam. Da hukumar ta kai maganar kotu, ministan ya amince cewa hukuncin nasa ya saɓa wa doka domin ana iya kallon sa a matsayin son kai, ko da yake ya musanta cewa ya fifita wani. An soke izinin, kuma a 2021 wani minista ya yi watsi da ƙarar.

Duk wanda bai gamsu da hukuncin sufeto ko na minista ba, yana da makonni 6 ya kai ƙara Babbar Kotu. Amma kotun ba ta duba ko ginin ya dace ko bai dace ba, abin da take dubawa shi ne ko an bi doka.

Matsalar jinkiri

Ƙorafi kan jinkiri ya daɗe. Misalin da aka fi bugawa shi ne binciken da aka yi kan gina tasha ta biyar a filin jirgin saman Heathrow, wanda aka fara a 1995 aka kammala a 1999, bayan zama na kwanaki 525. Sai a 2001 gwamnati ta ba da izini.

Wannan ne ya taimaka wajen kafa dokar 2008, wadda ta ware wa manyan ayyukan ƙasa, irin su tashoshin lantarki da manyan hanyoyi, tsarinsu na daban mai ƙayyadadden wa'adi. Bayan dokar ne kuma aka ɓullo da hanyar gaggawa ta sauraron ƙararrakin magidanta a 2009, inda sufeto yake dogara da takardun da ke gaban ƙaramar hukuma tun farko, ba tare da karɓar sababbin bayanai ba.

A 2018 gwamnati ta ɗora wa masaniyar tattalin arziki Bridget Rosewell alhakin duba yadda ake gudanar da binciken bainar jama'a. Rahotonta da aka wallafa a watan Fabrairun 2019 ya gano cewa a matsakaici ana ɗaukar makonni 47 daga shigar da ƙara zuwa hukuncin sufeto.

Ta ba da shawarwari 22, ciki har da naɗa sufeto tun da wuri, da yin zaman share fage don tantance batutuwan da ake taƙaddama a kansu, da kuma hana ɓangarori ja-in-ja kan ranar zama. Burin shi ne a kammala cikin makonni 24 zuwa 26.

Matakan sun yi tasiri, domin lokacin ya ragu ƙwarai. Amma da yake ƙwararrun sufetoci ba su da yawa, fifita wani rukuni yakan jawo tsaiko ga wani. An kai wani lokaci da ƙarar da aka sa a zaman tattaunawa, wadda ya kamata ta fi sauƙi, take daɗewa fiye da wadda aka kai binciken bainar jama'a. Daga 2022 aka fara amfani da irin tsarin Rosewell a zaman tattaunawar ma.

Annobar korona ta ƙara dagula lamarin. A watan Maris na 2020 an dakatar da ziyarar filaye da taruka na wani lokaci, aka koma yin zama ta intanet, ƙararraki kuma suka taru. A 2022 gwamnati ta gindaya wa hukumar burin kammala ƙararrakin rubuce-rubuce cikin makonni 16 zuwa 20, sauran kuma cikin makonni 24 zuwa 26.

Waɗanda suka fi shan jira su ne ƙararrakin gini ba bisa ƙa'ida ba, inda a shekarun da suka biyo bayan annobar da yawansu suka kai shekara guda ko fiye. Wannan yana da illa, domin da zarar an ɗaukaka ƙara, umarnin rushewa yakan tsaya har sai an yanke hukunci, maƙwabta kuma su ci gaba da zama da ginin da suke kuka da shi.

Ga ƙaramin ɗan kwangila, jinkiri yana nufin biyan ruwan bashi a kan filin da bai fara aiki a kai ba. Ga ƙaramar hukuma kuwa, yana nufin ɗaure ma'aikatanta ƙalilan a kan shari'a maimakon duba sababbin takardu.

Halin da ake ciki

A watan Disamban 2023 gwamnatin jam'iyyar Conservative ta sassauta ƙa'idar yawan gidajen da ake buƙata daga ƙananan hukumomi. Shekara guda bayan haka, a watan Disamban 2024, gwamnatin Labour ta Keir Starmer ta maido da ita a matsayin dole, ta kuma ƙara adadin, bisa alkawarin da ta yi na gina gidaje miliyan 1.5 a Ingila cikin wa'adin majalisa guda.

Ta kuma buɗe ƙofar yin gini a wasu sassa na filayen da aka killace a kewayen birane don hana su bazuwa, idan an tabbatar sassan ba sa cika manufar killacewar. Filayen da aka killace sun kai kimanin kashi 13 cikin 100 na faɗin Ingila, kuma tantance wane yanki ne ya faɗa cikin sabon rukunin ya zama batun da sufetoci suke yawan yanke hukunci a kai.

A 2025 gwamnatin ta gabatar da dokar da ta tanadi miƙa ƙarin hukunce-hukunce ga ƙwararrun ma'aikata maimakon kwamitocin kansiloli. Ta kuma bayyana shirin faɗaɗa hanyar gaggawa zuwa mafi yawan ƙararrakin rubuce-rubuce, ta yadda ba za a riƙa karɓar sababbin hujjoji bayan hukuncin ƙaramar hukuma ba.

Ƙarin adadin gidajen da ake buƙata ya sa ƙananan hukumomi da dama sun wayi gari ba su da filayen shekaru 5 da ake nema, yanayin da bayan 2012 ya ƙarfafa wa kamfanoni gwiwar kai ƙara. Sufetocin da ke sauraron ƙararrakin su ne kuma suke tantance taswirorin ƙananan hukumomi da manyan ayyukan ƙasa, don haka duk ƙarin aiki a ɗaya daga cikin waɗannan fannoni yakan taɓa saura.